Clarrie Ba Ya Wuce Motar da Ta Tsaya

A jikin hoton auren kakata Valmai na fara jin sunan Clarrie. Hoton yana rataye a kicin ɗinta na Port Lincoln, kuma duk wanda ya dube shi da kyau zai ga abu biyu: limamin coci ya murtuke fuska kamar an tashe shi daga barci, sannan gefen farar rigar amarya yana ɗauke da sawun yatsu na baƙin mai. Ina ƙarama na nuna wurin na tambaye ta. Ko juyowa ba ta yi daga kwanukan da take wankewa ba ta ce, "Clarrie," kamar wadda aka tambaya sunan ciwon da ke hana ta sakat.

Sai daga baya na san yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi aka ba amanar kai amarya coci a ranar. A hanya ya ga motar tumaki tsaye a gefen titi, ya faka a bayanta, ya tuɓe kwat, ya shige ƙarƙashinta. Ango da baƙi suna can suna jira har furanni suka yi yaushi. Da ya gama, ya zo ya tattare mata rigar don kada ƙofa ta datse ta, da hannun nan da ya fito daga cikin inji.

Abin da zan faɗa nan yawancinsa daga bakin Nana na ji shi, haka muke kiranta, kuma ba sau ɗaya ba, domin labari ne da ba ta gajiya da jin haushinsa.

Clarrie Pengilly a arewa ya yi rayuwarsa, can bayan Hawker inda kwalta take ƙarewa. Direban motar gidan waya ne. Yana kai wa masu kiwon tumaki wasiƙu da buhunan gari da magani da batir, wani lokaci har da ragon da wani ya saya a wurin wani. Bai yi aure ba, ya ce babu macen da za ta yarda da mijin da ake gani kamar jinjirin wata. A can mutum yakan wuni yana tuƙi bai haɗu da kowa ba sai jimina, shi ya sa ƙa'idar ƙasar guda ce kuma babu mai musu a kanta: ba a wuce mota a tsaye. Wanda motarsa ta mace a wannan rana, in ka wuce shi, wataƙila kai ne mutum na ƙarshe da zai gani. Mahaifinsu ya koya musu haka tun ba su kai sitiyari ba, shi da Valmai duka. Clarrie kansa ya taɓa zama a inuwar motarsa yana tsotsar ruwan lagireto har wani makiyayi ya biyo ta wurin. Ko bayan ya yi ritaya ya koma wani ɗan gidan kwano a Hawker, ƙafarsa ba ta yi ritaya ba. Da ta hango mota a gefe, ita take zuwa kan birki da kanta.

Ita kuwa Valmai ta auri Frane, masunci, mutumin wani ƙauye a gaɓar tekun Kuroshiya. Duk zamansu bai taɓa cin ɓauren da ta shuka a bayan gida ba tare da ya ce na ƙauyensu ya fi ba. Kullum ana cewa za a je, kullum kakar kifi tana hanawa, har ƙasa ta rufe idonsa. Bayan rasuwarsa wata ƙawarta ta ba ta labarin wani kamfani da ke tara tsofaffi ya kai su Jamus a jirgi, a can a ba kowane mutum biyu mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da bayi a ciki, su bi madugu a jere, zango zango, har gaɓar Kuroshiya. Ta ga sunan garin da ke kusa da ƙauyen Frane a cikin zangunan, ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta je ta ɗanɗana ɓauren nan da bakinta.

Matsalar ita ce abokin tafiya. Ba a ba mutum ɗaya mota, ita kuma ba ta taɓa tuƙa abin da ya wuce 'yar ƙaramar motarta ta zuwa kanti ba. Ƙawar da ta kawo labarin an yi mata aiki a ƙugu. 'Ya'yanta kowa da aikinsa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ta buga wa Clarrie waya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaya ko hanyar akwai kwalta. Ta ce akwai. Ya ce to ai wannan ba tafiya ba ce, amma zai je.

Tun daga fasfo aka fara. Clarrie bai taɓa fita ƙasar ba, kuma a wurin ɗaukar hoto aka ce ya cire hularsa mai faɗin baki. Ya ce in an ɗauke shi babu hula, can waje babu wanda zai gane shi. Valmai ta ce da hular da babu hular babu wanda ya san shi a can, ta fizge ta da kanta. Hoton ya fito, daga gira zuwa ƙasa launin tsohuwar fata, daga gira zuwa sama fari fat kamar ƙwai. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce wannan mutumin bai yarda da shi ba.

Sai kaya. Ya iso Port Lincoln da a-kori-kurarsa shaƙe da abin da ya kira guzuri: jarkokin ruwa, shebur, igiyar jan mota, jak, da wani ƙaton naɗi na wayar shinge. Valmai ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Jirgin sama za mu hau, Clarrie."

"To jirgin ba shi da but ne?"

"Jaka ɗaya kowa. An faɗa maka, na faɗa maka, har jikata ta karanta maka."

"In muka maƙale a daji fa, Val?"

"Wane dajin? Tsakanin gari da gari a can bai kai daga gidanka zuwa mai burodi ba. In ka yi tari a wannan garin, na gaba za su ce maka sannu."

Ya sauke kayan yana ƙunƙuni, amma wayar shingen ba ta tafi ba. Ta tsince ta a cikin takalminsa, ta jefar. Ta sake tsintarta naɗe a cikin rigar sanyi. Daga nan ta ƙyale, ta ce in ma'aikatan filin jirgi suka kama shi ita ba ta san shi ba.

Da ya ji cewa a can ta hannun dama ake tuƙi, ba hagu irin na ƙasarmu ba, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya koma Hawker ya shiga gwaji a wata hanyar ƙasa da yake ganin babu mai bi. Kwatsam ya yi kiciɓis da wani maƙwabcinsa a kan kwana. Kowa ya kauce ya faɗa ciyawa, kowa ya fito da sauri yana tambayar ɗan'uwansa ko lafiya, ko yana da ruwa. A bakin matar maƙwabcin Valmai ta ji, ta ce ta wuni kanta yana sarawa.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya faru a garin Clare. Kamfanin yana da al'ada, kafin tafiya yakan tara matafiyan a filin baje kolin garin, ya hayo musu motoci masu ɗaki, a yi gwajin ayari a hanyoyin gonakin inabi don a ga kowa da halinsa. Madugun mace ce, Denise Kowald, wadda ta yi shekaru tana shugabantar motocin ɗaukar 'yan makaranta, kuma har yanzu haka take kallon kowa. Tana rataye da usur da rediyon oba-oba. Mijinta Graeme, wanda ba a cika jin muryarsa ba, shi yake bin ayari daga ƙarshe da akwatin sifana. Ta tara su a gaban motoci ta shimfiɗa doka. Babu mai wuce na gabansa. Kowa na bayansa amanarsa ne, ya riƙa duba shi a madubi, in ya daina ganinsa ya tsaya a mararraba ta gaba ya jira. Clarrie ya gyaɗa kai, ya raɗa wa Valmai cewa matar nan ta san hanya. Valmai ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an gama.

Aka sa su a tsakiyar ayari. Tuƙi kam babu abin cewa, motar tana tafiya a hannunsa kamar a kan ruwa, ko kofi bai motsa a kan kanta ba. Ba su yi nisa da gari ba sai ga wata jar mota a gefen titi. Valmai ta ji motar tana rage gudu kafin ma ta ga abin da ya gani. Ta ce, "Clarrie." Ya ce yanzun nan. Ya faka, ya gyara hula, ya taka a hankali ya ƙwanƙwasa gilashi. Wani saurayi ne yake waya da budurwarsa, ya ɗaga kai ya ga tsoho a kansa yana tambayar ko yana da ruwa, ya kulle ƙofa ya ja motarsa a guje.

Da Clarrie ya juyo, rabin ayari ya jeru a bayansa, tunda ba a wuce na gaba. Sauran rabin kuma suna can mararraba suna jira, tunda kowa ya daina ganin na bayansa. Rediyo yana ta kiran lambar motarsu. Valmai ta ɗauka ta ce taya suka duba, ta yi ƙarya da tsufanta.

Ranar Asabar ce, kuma furannin gonaki sun buɗe, duk mutanen Adelaide sun fito shan iska. Clarrie ya tsaya wa mai ɗaukar hoton gona. Ya tsaya wa wata mata da ta sauke ɗanta yin fitsari, yaron ya ga baƙo ya fasa, ya fashe da kuka. Ya tsaya wa mata da miji da suke tsakiyar faɗa, mijin ya ce ba abin da ya lalace, matar ta ce ƙarya yake, komai ya lalace. Har mai sayar da lemo a bayan mota bai tsira ba, shi ne ma kaɗai ya yi murna da ganinsu. Kowace tsayawa ayari ya tsinke biyu, kowace tsayawa Valmai tana ƙara nutsewa a kujera. Ta roƙe shi, ta zage shi, ta kama hannun rigarsa. Ya ce mata ai ba a sani ba sai an tambaya.

Abincin rana da aka shirya musu a wata gonar inabi ya huce kafin su isa. Wani mai ƙaton ciki da ke motar bayansu ya ɗaga kofi da suka shigo ya ce a tafa, ga motar asibiti ta iso. Aka yi dariya, amma irin ta mutanen da yunwa ta ci. Denise ba ta yi dariya ba. Ta kira su bayan rumfa su biyu.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Valmai tsoro ke nan. Ta ce ta san arewa, kawunta ma a can ya yi kiwo, kuma ta san abin da Mista Pengilly yake yi ba hauka ba ne. Amma inda za su, manyan hanyoyi ne da motoci suke wucewa kamar harsashi, da ramukan da aka huda cikin duwatsu, da hanyoyin gaɓar teku da ba su da gefe sai rami. Wanda ya tsaya a irin wannan wuri ya jera motoci masu ɗaki a bayansa, ba tara kaɗai zai jawo ba, gawa zai jawo. Valmai ta yi saurin cewa to a mai da su ƙarshen ayari. Denise ta ce ƙarshe wurin Graeme ne, kuma ba za ta bar tsofaffi biyu a bayan kowa a ƙasar da ba su jin yarenta ba. Abu ɗaya take so, ya yi mata alkawari ba zai sake tsayawa ba.

Clarrie ya cire hula ya sosa farin kan nan, ya mayar.

"Madam, in na ce miki na yi alkawari, bakina ne ya yi. Ƙafar ba ta jin magana."

"To ba za ka tuƙa mota a ayarina ba."

"Gaskiyarki," in ji shi.

Valmai ta ce a wannan lokacin da akwai tukunya kusa da ta kwaɗa masa. Mutum ya ƙi yin ƙarya guda ɗaya, 'yar ƙarama, wadda kowane mai hankali zai yi don ƙanwarsa! Denise ta dube ta da ɗan tausayi ta ce akwai wani gwajin kafin a rufe sunaye, na waɗanda ba su samu zuwa wannan ba. In Misis Valmai ta zo ta tuƙa da kanta daga farko har ƙarshe, ba tare da ayari ya tsinke ba, wurinsu yana nan. In ba haka ba akwai masu jira.

Suka kama hanyar komawa har suka wuce Port Augusta. Can ya yi gyaran murya ya ce mota mota ce, babba da ƙarama duk taya huɗu ne. Ta ce ya rufe mata baki. Aka ƙara tafiya, ta ce yaushe za a fara.

Ta tattara 'yan kayanta ta koma Hawker, garin da ta bari tun tana budurwa ta kuma rantse ba za ta sake kwana a cikinsa ba saboda ƙuda. Akwai wani tsohon filin saukar jirgi a bayan gari, Clarrie ya jera gangunan mai a kai, ya ba ta makullin wata tsohuwar motar kaya da ya aro, mai giya da kuloci. Tunda take ba ta taɓa taka kuloci ba. Motar ta yi tsalle kamar ɗan akuya ta mutu, ta sake tsalle ta sake mutuwa. Shi kuwa a koyarwarsa babu bayani. Yana zaune a gefe ya harɗe hannu, in ta yi daidai shiru, in ta yi kuskure tsaki. Ta ce ta gwammace ya zage ta, ya ce zagi ba ya sa giya.

Ranar da ta fara ja da baya ta ture ganga ta bi ta kai. Ya leƙa ta taga ya duba.

"Bajamushe ɗaya ya tafi," in ji shi.

"Kai ne za ka bi shi in ba ka yi shiru ba, tsohon banza."

"Madubi, Val. Ba don kwalliya aka sa shi ba."

"Da ka iya riƙe ƙafarka ai da ina gida ina shan shayi."

Haka suka yi ta yi, safe da yamma, ƙuda a ido, gwiwarta ta hagu tana kumbura tana shafa mata man zafi. Ta koyi faɗin motar da jikinta, ta koyi shan kwana ba tare da ta kwashe shingen mutane ba, ta koyi tashi a kan tudu. Tsakin ya riƙa raguwa. Wata rana ta zagaya filin ta shige tsakanin ganguna da baya ta tsaya cak, ta juya tana jiran abin da zai ce, ya ce ana jin yunwa. Ta ce a duk rayuwarsu yabon da ya taɓa yi mata ke nan.

Ni na kai su Clare ranar gwaji na biyu a 'yar motata, na zauna a filin baje koli ina jiran dawowarsu. Motocin ba su kai na farko yawa ba. Denise ta sa su a bayanta kai tsaye, inda za ta riƙa ganinsu a madubi. Valmai ta hau kujerar direba da matashi a bayanta, Clarrie ya zauna a gefe da rediyo a cinya, yana riƙe da shi kamar an ba shi jaririn wani.

Tafiya ta yi kyau. Suka wuce mai ɗaukar hoto, Clarrie ya bi shi da kallo har wuyansa ya ƙare. Suka wuce wasu da suka shimfiɗa bargo suna cin abinci. Valmai ta fara sakin kafaɗa. Sai da suka juyo hanyar gida, bayan wata tsohuwar coci ta dutse, suka gangaro suka tarar da wata farar mota a gefe, bonet a buɗe, tururi yana tashi, wani mutum tsaye ya ɗora hannu ɗaya a ka. Wannan karon babu tambaya, motar ta mace.

Valmai ta ce abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne ƙafarta ita ma za ta ɗaga. Ta ji ta bar totur da kanta, motar ta fara sanyi. Ashe abin da uba ya zuba bai zuba a kunne ɗaya ba. Ta ga hannun Clarrie ya riga ya kai kan mariƙin ƙofa. Rediyo ya yi ƙara a cinyarsa, muryar Denise ta fito, ta ce ta gan shi, yana da waya a ɗaya hannun, gari kuma ba nisa, kowa ya ci gaba.

Valmai ta saci kallon yayanta. Ta ce da ya ce mata ta tsaya, da ta tsaya, kuma da ta samu wanda za ta ɗora wa laifi har ƙarshen ranta. Bai ce ba. Ya zuba ido a kan kwalta, muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna. Ta danna totur. Suka wuce mutumin har tana ganin zufar da ke goshinsa, shi kuma ko kallonsu bai yi ba.

Ta jure, ta jure, ta kasa.

"Ka yi magana mana."

"Me zan ce? Ke ce direba."

"Yana da waya. Ka ji ta faɗa."

"Na ji."

"To ka daina zama kamar an kai ka jana'iza! Kai ka jawo mana duk wannan."

Ya ce ta lura da kwanar da ke gaba, tana da yashi.

Suka shigo filin baje koli a jere, babu wanda ya jira wani. Valmai ta faka, ta sauko. Denise ta zo ta kama hannunta ta ce wurinsu ya tabbata, su je su haɗa jaka. Ta miƙa wa Clarrie hannu shi ma, ya karɓa ya ce matar ta iya jan ayari. Nana ta zauna a kan matakalar motar tana fifita da taswira, tana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ita da ɗan'uwan nan nata, in suka dawo, ko a lahira kada a haɗa su mota ɗaya.

Sun yi tafiyarsu. Ita ta tuƙa tun daga Jamus har teku, shi yana gefe da hula, kuma ta ce babu motar da suka wuce a tsaye da bai juya ya bi ta da ido ba, har wuyansa ya ƙage aka nemo masa magani a wani gari. Clarrie ya rasu 'yan shekaru bayan haka a gidansa na Hawker. Ban san shi sosai ba, don ba mai yawan magana ba ne da yara, kuma abu ɗaya tak ya taɓa nema a wurina. A ranar nan ce ta Clare, Nana tana can tana karɓar barka, ya zagayo ta bayan motoci ya same ni. Ya duba ko tana kallo, sannan ya buɗe but ɗin motata ya nuna min wata jarkar ruwa da ban san lokacin da ya sa ta ba.

"'Yar nan, kin ga hanyar da ayarinmu ya shigo? Ki bi ta har ki ga coci ta dutse, kafin ki kai gare ta akwai farar mota. Wataƙila ya tafi. In ya tafi shi ke nan. In yana nan, ki ce ya bari injin ya huce kafin ya buɗe murfin, kada ya ƙone hannu. Je ki yanzu, kada kakarki ta ji."